Kada Ki Cire Sunan Asabe

Talata Mafara,
Laraba, kashegarin kasuwa.

Zuwa ga ƙanwata kuma ɗiyata, Sa'adatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Sa'a, ina hanya, ina gajiya, yaya zaman mota? In kina karanta wannan, to kin buɗe ledar kilishin ke nan, don a ƙarƙashinta na cusa takardar. Na san ki, ba za ku wuce Gusau ba ki kai mata hannu ba. Allah ya kiyaye hanya, ya rufe idon masu tare ta, ya raba ku da mugun ji da mugun gani, ya kai ku Abuja da hasken rana. Jirgin da za ki hau kuma Allah ya ɗaga shi lafiya ya sauke shi lafiya. Inna ta ce in gaya miki ta sa miki albarka, kuma kukar miya tana cikin gwangwanin madara, kada masu bincike su ɗauka wani abu ne.

Jirgi fa, Sa'a! Ɗiyar gidanmu, wadda na goya a bayan keke zuwa firamare tana kuka don takalmi ya matse ta, ita ce za ta tafi ƙasar waje karatun dakta kan cutar tsargiya. Wallahi tun da takardar gurbin karatun nan ta zo ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Rannan wani ya kawo injin ban ruwa gyara, na kwance shi na ɗaure ina murmushi ni kaɗai, har ya tambaye ni ko aure na ƙara.

Kin san tun ranar da Baba ya rasu, kina goye a bayan Inna, uba ya faɗo kaina ban shirya ba. Har kika shiga aji uku Baba kike ce min. To yau da bakin uba zan yi magana, bakin da ya kamata in yi amfani da shi ranar Litinin, maimakon wanda na buɗe na yi miki tsawa har kika tashi kika bar tuwonki.

Amma bari in fara da daɗin, don shi ya fi yawa.

Kin tuna ranar da kika nuna min shafin nan a wayata, inda ake ganin duk wanda ya kafa hujja da bincikenki? Kin jawo wa kanki. Yanzu kullum kafin in taɓa sifana sai na duba. Na zauna na yi ta karatu har na gane yadda suke awon nan nasu: ba yawan takardun da mutum ya rubuta kaɗai ake dubawa ba, ana duba mutum nawa suka ɗauki aikinsa suka ɗora nasu a kai, suka rubuta cewa daga wurin wance muka samo. Har da wata lamba da suke yi wa mutum: in yana da takardu biyar, kowacce an ambace ta aƙalla sau biyar, lambarsa biyar ke nan. Na ce ashe su ma Turawa sun san abin da malamanmu na zaure suka sani tun tuni, cewa ba a faɗin karatu sai an ce daga wa aka ɗauko.

Ranar da na ga wasu masu bincike daga gabashin Afirka, can bakin wani tabki, sun ambaci takardarki ta farko, wadda kika yi kan yaran da ke wanka a kanal ɗin ban ruwa tsakanin Bakura da Damri, ihu na yi a shago. Mamman mai walda, maƙwabcina, ya ajiye tabarau ya rugo.

"Lahiya, Lawali? Wuta ta ja ka?"

"An ambaci Sa'a! A wata ƙasa!"

"Madalla. Mi aka ba ta?"

"Ba a ba ta komai ba. An ambace ta."

"Ambato kurum? Ni ma ai kullum matata ambatona take wurin maƙwabta, kuma ban ga ya ƙare ni da komai ba."

Na ce masa jahilci ba ciwo ba ne sai an ƙi magani. Na zaunar da shi kan galan na fassara masa: mutanen nan sun karanta yadda kuka shawo kan iyaye har suka yarda a gwada fitsarin yaransu, da yadda kuka bi makarantun allo da sassafe kafin yara su tafi gona, sai su ma suka yi haka a ƙauyukansu. Wato wani yaro da ba mu taɓa gani ba, mai yaren da ba ma ji, ya sha magani ya daina fitsarin jini, kuma akwai hannun ɗiyar Mafara a ciki. Mamman ya ce, "To wannan kam an ba ta." Daga ranar shi ke riga ni tambaya: "Yau nawa ta kai?"

To ki duba yadda zuciyata take, sannan ki gane abin da ya sa na fashe ranar Litinin.

Kin zauna kina ninke kaya kika gaya min cewa wani babban Farfesa ya gayyace ki cikin wani zaure da suka buɗe a waya. Dokar zauren: kowa ya rubuta takarda sai ya sa sunayen sauran a kai, ko da ba su san ƙofar ɗakin gwajin ba, kuma kowa ya riƙa ambaton takardun 'yan uwansa, da dalili ko babu. Kafin shekara ta zagayo lambar kowa ta yi tsalle. Kika ce takardarki ta biyu da za ki aika ita ce kuɗin shiga, sunaye sun yi yawa, don haka Farfesa ya ba da shawara a sauke sunan Asabe zuwa wurin godiya a can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Kika ce kuma yana jiran amsarki da zarar kin sauka.

Asabe fa! Ma'aikaciyar ɗakin gwajin asibitin Bakura, wadda kuka yi damina biyu kuna hawa babur ɗaya cikin taɓo. Wadda ta zauna kan madubin ƙara girma tana ƙirga ƙwayayen tsutsa har idonta ya riƙa ruwa. Wadda ke da bakinki kika gaya min tana jiran takardar nan ta fito da sunanta don ta haɗa da takardunta ta nemi ƙarin karatu. Na tashi na ce miki ɓarauniya. Ban kyauta ba. Ba ki sata ba tukuna, shawara kika zo nema, ni kuma na jefe ki da garwashi. Ki yafe min. Halina ne tun ina yaro, bakina ya fi hankalina sauri. Abin da ya kamata in gaya miki shi ne, hanyar nan da ake nuna miki na bi ta da ƙafata, na san inda take ɓullewa.

Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna ba. Kawu Shehu na Tsibiri, ƙanen Inna, ya kira gayya a babbar gonarsa ta gero. Samari sun zo daga ko'ina, har da na Kaya, ga 'yan mata sun kawo fura da kunu, ga Tanko mai gangar noma. Kin san yadda ake yi: wanda ya yi gaba a kunyar noma, shi makaɗi ke kira da suna, ya yi masa kirari, 'yan mata su yi guɗa. Ni kuwa a lokacin akwai wadda nake so ta ji sunana cikin ganga. Sai na yi dabara. Kwana ɗaya kafin gayyar na kama jan zakaran Inna na kai wa Tanko, na ce gobe kada bakinsa ya huta da sunana. Inna ta yi ta neman zakara, na taya ta zagin muzuru.

Aka shiga gona. Tanko ya cika alkawari. "Lawali ɗan Mafara, hauya ta san mai ita!" Tun ban yi rabin kunya ba yake faɗa. To yanzu ganga ta ce ni ne gaba, dole in zama a gaba. Sai na daina saran ciyawa daga saiwa, na koma jawo ƙasa ina binne ta. Ido ba ya ganewa, kunya ta yi luf, ta yi kyau. Na wuce kowa. Aka yi min guɗa, aka ba ni fura a babbar ƙwarya, yarinyar nan ta dube ni ta sunkuyar da kai. Sa'a, ranar na ji kamar ni na haƙa dam ɗin Bakolori da hannuna.

Aka yi ruwa biyu. Kawu Shehu ya aiko a kira ni. Ya sa ni gaba muka shiga gonar. Ko'ina fes, gero ya miƙe, sai wasu layuka da suka yi kore shar tun daga wannan baki har wancan, ciyawa ta shaƙe geron ya yi rawaya. Kamar an ja su da alƙalami. Ya tsaya ya nuna da sanda.

"Wagga kunya ta wa ce?"

Ya matsa gaba ya nuna wasu.

"Wagga fa? Da waccan?" Ya juyo ya dube ni. "Ɗan 'yar uwata, ganga ta ce kai ne gwani, ciyawa ta ce ƙarya ne. Ni da ba ni da ilimi, wa zan gaskata?"

Kwana uku na yi ina maimaita noman nan ni kaɗai, ba ganga ba fura. Kuma labari ya riga ni zuwa gida. Shekaru aka yi a Tsibiri ana kirana Gwanin Ganga. Har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba. Yarinyar kuwa ta auri wanda ya zo na huɗu.

Zauren Farfesan nan naki, Tanko ne da zakara, sai dai su da kwamfuta suke kiɗan. Za a kira sunanki, lamba za ta hau, za a yi guɗa. Amma aikinku ba gero ba ne da za a maimaita a kwana uku. Wani likita a wani wuri zai ga takarda an ambace ta sau da yawa ya ce lallai wannan gaskiya ce, ya ɗora maganin yaran mutane a kanta. Kuma ruwa yana zuwa, Sa'a. Na karanta yadda ake bin sawun irin waɗannan zaurukan, a ga su wane ne kullum ke ambaton junansu kamar 'yan adashi, a janye takardun, a bar mutum da sunan da ya fi Gwanin Ganga nauyi. Ranar nan Farfesa yana da rigar da zai ɓoye a ciki. Ke wacce gare ki?

Kada ki ɗauka ina raina lambar. Ni da nake duba ta kafin in karya kumallo? Ina son ta hau, ta hau har Mamman ya gaji da tambaya. Abin da nake cewa, duk lokacin da ta ƙaru ki leƙa ki ga wa ya ambace ki, kuma don me. Mutum ɗaya da ya ɗauki aikinki ya yi amfani da shi, ko ma ya ɗauka ya ce kin yi kuskure a wuri kaza, ya fi min hamsin da suka jera sunanki ba su buɗe shafin ba. Kuma ki yi gayya, ki yi sosai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki nemi masu sanin lissafi, da masu sanin katantanwar da tsutsar ke kwana a cikinta, da waɗancan na bakin tabki da suka ambace ki, ki rubuta musu ki gaishe su. Sai dai gayya ta gaskiya: wanda ya zo da hauya ya sunkuya, shi ke da fura.

Wannan labarin na zakara ana ba da shi ana dariya. Ga wanda ban taɓa ba ki ba.

Kin san ban yi boko ba. Kin taso kina jin ana cewa Lawali shi ya koya wa kansa karatu, ni ma ina faɗa ina bugun ƙirji. Rabin gaskiya ne. Jaridun da ake naɗe tsire, da littattafan injina, da ƙamus ɗin da ba shi da bango, waɗannan ni na yi fama da su. Amma baƙaƙen farko ba daga sama suka faɗo min ba. Akwai wani mai gadin ƙofar ruwa a kanal, Malam Garba mutumin Kaya. In na kai shanun noma shan ruwa, sai ya kira ni, ya ɗauki gawayi ya rubuta a jikin siminti: wannan a, wannan ba. In na yi daidai ya wanke da ruwan kanal ya sake wani. Rani biyu yana yi, ko goro bai taɓa karɓa ba. In na yi fushi na jefar da gawayin, ya ɗauko ya miƙo min ya ce, "Zafin kai ba ya karanta komai, zauna."

Bayan wasu shekaru, ranar kasuwar Damri, aka manna wata sanarwa ta rabon taki da Turanci. Mutane sun taru suna kallo. Na kutsa na karanta da ƙarfi, na fassara. Aka yi ta mamaki. Wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Yaro, wa ya koya maka?" Na ɗaga kai na ce, "Ba wanda ya koya min. Allah ne da ƙwaƙwalwata."

Ashe Malam Garba yana bayana, riƙe da igiyar akuya. Na juyo muka haɗa ido. Bai ɓata rai ba. Ya ce, "Madalla, Lawali. Ashe ni gawayina na ɓata." Ya ja akuyarsa ya wuce.

Ban bi shi ba. Girman kai ya riƙe min ƙafa a ranar, kunya ta riƙe ta a sauran shekarun. In na hango shi a hanya sai in sauya kwana. Ki lura, Sa'a, ban ɗauke masa ko allura ba, ban zage shi ba. Sunansa kawai na tsallake a wurin da ya kamata in faɗa. Kuma wannan tsallaken ya fi duk faɗan da na taɓa yi da mutane zama min a wuya.

Ranar Litinin da na gama yi miki tsawa na fita, sai na ji kunyar kaina: ga mai tsallake suna yana yi wa wata wa'azin suna. Jiya, ranar kasuwa guda, na rufe shago, na hau babur da hantsi na tafi Kaya. Na same shi a ƙofar gida cikin majalisarsu, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na yi sallama, na durƙusa, muka gaisa har gajiya da iyali da damina. Sannan na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Jama'a, ku shaida. Ni Lawali na Mafara, duk harafin da na sani daga hannun wannan bawan Allah na ɗauko shi. Kuma ƙanwata da za ta tafi karatun dakta, ni na fara nuna mata baƙaƙe, don haka ita ma jikarsa ce a karatu."

Ya lalubo kaina ya shafa. Ya ce, "Lawali mai zafin kai? Tun daga kasuwar Damri kake tahowa sai yau ka iso? Keke ne ya lalace?"

Majalisa ta tuntsire da dariya, ni kuwa hawaye kamar an buɗe ƙofar kanal. Ya sa aka kawo fura. Ya tambaye ni me za ki karanta, na ce tsargiya. Ya ce shi ma ya yi ta yana yaro, a lokacin ana ɗauka alamar balaga ce. Ya ce in gaya wa jikarsa ta kashe abin nan kafin ya mutu ya ji labari. Na dawo gida ina waƙa a kan babur kamar mahaukaci.

Kin tuna taswirar da kika nuna min a kwamfutarki, mai kama da saƙar gizo, kowane mai bincike ɗigo ne, zare na haɗa shi da waɗanda ya yi aiki da su? Na ga ɗigon Farfesa, ƙato, zare ta ko'ina kamar kan mahaukaciya. Na ga naki, ƙarami, da 'yan zarurruka. Na kuma ga wani ɗan mitsitsi a can gefe, zarensa ɗaya tak, yana haɗe da naki. Na tambaye ki wane ne, kika ce Asabe ce. Farfesa in ya rasa zarenki ko ji ba zai yi ba. Ita in kika yanke, ta fita daga taswirar gaba ɗaya, kamar ba a taɓa yin damina biyun nan ba.

Na san abin da kike tsoro. Kin ce mutumin yana da dogon hannu, wasiƙarsa tana buɗe ƙofofi, fushinsa yana rufe su. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba abin da zai faru ba. Wataƙila lambarki ta yi tafiyar kunkuru, 'yan ajinku su wuce ki ana yi musu guɗa. Za ki ji zafi, na sani, jininmu ɗaya. Amma kada ki amsa masa da irin bakina. Ki gaishe shi da ladabi, ki gode masa da ya tuna da ke, ki ce takardar ta waɗanda suka yi aikinta ce, in yana da aikin da za ku sunkuya tare kina murna. Ke kin iya wannan, Inna kika gado. Ni da ni ne, da tuni na ƙona gadar da garin da ke bayanta.

Shawara dai taki ce, kin girma, kin fi ni karatu nesa ba kusa ba. Sai dai ga abin da ya kamata ki sani kafin ki taɓa wayar nan. Kin tuna da takardarki ta farko ta fito, na kai aka buga min ita, na je barandar asibitin Bakura na karanta wa ma'aikata da iyayen yara, tun daga sunayen da ke sama har ƙasa, ina fassarawa? Sun sa ni alkawarin ta biyu ma haka za a yi. Mamman ya ce zai rufe shago ya zo. Malam Garba ya ce ko a amalanke ne a ɗauko shi. Asabe kuwa a nan take aiki, a kan bencin gaba za ta zauna, kamar wancan karon, da mahaifiyarta a gefe.

Ni zan karanta, Sa'a. Da ƙarfi, kamar yadda na saba. Abin da kika rubuta shi zan faɗa, ba ƙari ba ragi, don na yi rantsuwa a Kaya jiya ba zan sake tsallake sunan kowa ba, ba kuma zan ƙago wanda babu ba. Ki aiko min da takardar da zan iya karantawa ina kallon bencin gaba.

Allah ya tsare min ke a ƙasa da sama, ya haɗa ki da abokan aiki na gari, ya raba ki da masu ganga. Ya sa iliminki ya zama ruwan da yara za su sha su warke. Ki riƙe salla, ki riƙa kiran Inna ranar Juma'a, ki sa rigar sanyi. Ki rage kilishin, tafiyar da nisa. Allah ya dawo mana da ke lafiya, ya sa muna raye.

Yayanki, wanda kike ce wa Baba,
Lawali,
ɗalibin Malam Garba na Kaya.